Mai Lambu a Hawa na Uku

Na daɗe ban yarda cewa ajiye shuka a cikin ɗaki aiki ba ne. A ƙasar da na yi karatu, shekara bakwai, kusan kowace taga akwai tukunyar fulawa, kuma na sha ganin manyan mutane suna shafa ganye suna yi masa magana. Na ɗauka ciwon kaɗaici ne kawai. Ni ma an taɓa bar min ɗaya. Wadda muka zauna ɗaki ɗaya da ita ta gama karatu ta tafi, ta bar min wata shuka mai kaurin ganye a bakin taga. Ta shekara biyu a raye, ban kuma san abin da na yi mata ba, don yawanci mantawa nake da ita. Saboda haka da na dawo gida aka ce min Baffana yana can yana fama da irin wannan shukar, dariya na fara yi. Har yanzu ban tabbata ko na yi masa adalci ba, in ba da labarin mutum irinsa a kan tukwane biyar da ba su fi kofin shayi ba. Amma a kansu ne na ga ransa ya ɓaci yadda ban taɓa gani ba.

Baffa ƙanin mahaifina ne, kuma shekararsa arba'in yana noman lambu. Da garwa biyu ya fara, yana ɗebo ruwa daga rafi yana zubawa a fangali, kafin daga baya ya samu injin ban ruwa. Latas, alayyafo, albasa, tumatir, karas, babu wanda bai noma ba. Amma abin da aka fi saninsa da shi renon iri ne. Manoma daga nesa suke zuwa neman dashe a wurinsa, don sun san nasa ba ya mutuwa a hanya. Yana da wata ɗabi'a da dangi suke yi masa tsiya a kai: duk inda ya ga shuka sai ya tura yatsa a gindinta. Ko dubiya ya je gidan mutane, kafin ya gama gaisawa ya faɗa musu cewa bishiyar lemonsu tana jin ƙishi.

Gwiwarsa ta hagu ce ta raba shi da lambun. Aka yi masa aiki, likita ya ce ya yi ban kwana da tsuguno da ɗaukar nauyi. Matarsa ta riga ta rasu, saboda haka babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, ya danƙa lambun a hannun wani ɗan uwa, ya ɗauko mahaifinsa ya kawo shi gidansa, a hawa na uku na wani bene.

Ba a wulaƙanta shi ba, kuma wannan ne ma ya dame shi. In ya ɗauki tsintsiya, Yaya ya ce, "Baba, bari." In ya miƙa hannu zai ɗauke farantinsa, matar Yaya ta ce, "Baba, bari." Ita malamar lissafi ce a sakandare, shi kuma Malama yake ce mata. Sau ɗaya a rana yake sauka ƙasa, da sanda, yana hutawa a kowace kwana, ya zauna a benci tare da wani tsohon direban bas da ke zaune a hawa na ƙasa.

"Direba," ya ce masa wata rana, "ka san an canza min suna? Yanzu Baba Bari ake ce min."

"Ai ka ji daɗi. Ni da ake aika ni sayen gas fa?"

"Mu yi musaya. Wallahi ko ɗaukar shara ce a ba ni."

A bakin tagar falo Malama ta jera fulawoyinta guda biyar, irin masu kaurin ganyen nan da suke ajiye ruwa a jikinsu. Ganyen ya zagaye a jere kamar an sassaƙa shi da sabulu. Babbar cikinsu tun tana ɗaliba take tare da ita. Baffa bai ɗauke su a bakin komai ba. Ya ce ba a ci, ba sa inuwa, ko akuya ta gan su sai ta wuce. Amma wata takwas yana zaune yana kallonsu, kuma a lissafinsa Malama takan yi mako biyu, wani lokaci uku, ba ta ba su ruwa ba. Yatsansa har ƙaiƙayi yake. Kunya ce ta hana shi magana.

Sai aka tura Malama kwas na mako shida a wani gari. Yaya da sassafe yake fita, sai yamma. Ranar tafiyarta ta durƙusa a gefen kujerar Baffa.

"Baba, ga fulawoyin nan, ko za ka riƙa duba min su?"

Yaya ya faɗa min cewa Baffa har gyara zama ya yi. Aikin farko ke nan da aka ba shi tun da ya shigo gidan. In ya yi shi da kyau, ya tashi daga Baba Bari.

Malama ta buɗe baki za ta yi bayani, Yaya ya yi dariya. "Ke, Baba za ki koya wa shuka? Kina cikin zani yana dashe."

Ta sunkuyar da kai. "Ai ya fi ni sani. Sai dai ba sa son ruwa da yawa."

"Kada ki damu, Malama," in ji Baffa. "Kaɗan-kaɗan zan riƙa ba su."

Kuma bai saɓa ba. Mutumin da ya saba sakin inji sai fangali ya cika, kaɗan a wurinsa shi ne rabin kofi da safe, rabin kofi da yamma.

Kwana biyu da tafiyarta ya tura yatsa a tukunya ta farko, ya ji yashi da tsakuwa. Ya tura a ta biyu, haka. Ya sauka ƙasa ransa a ɓace.

"Direba, an cuci yarinyar nan. Yashin gini aka sayar mata a matsayin ƙasa. Shi ya sa shekara da shekaru ba sa girma."

Ya yi waya lambu aka aiko masa da baƙar ƙasa mai taki, irin wadda yake renon tumatir da ita. Ya shimfiɗa jarida a kan teburin cin abinci, ya juye tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ya sake dasa su da hannun gwani, yashin kuma ya zuba a kwandon shara. Da rana ta take, sai ya kwashe su daga taga ya kai su bayan kujera, don duk mai lambu ya san sabon dashe ba ya son zafin rana. Duk abin da ya yi daidai ne, da a ce latas ne.

A mako na uku na kai masa ziyara. Na same shi tsaye a kansu da kofi a hannu, fuskarsa ba walwala. Tun da na dawo daga karatu Baturiya yake kira na.

"Baturiya, sannu da zuwa. Zo ki ga 'yan gatan nan. Babu abin da ban yi musu ba."

Ganyen ƙasa sun yi ruwan ɗorawa, sun yi laushi, wasu har ana ganin ruwa ta cikinsu. Na taɓa ɗaya ya faɗo a hannuna.

"Baffa, sau nawa kake ba su ruwa?"

"Da sau biyu ne. Da na ga sun fara yaushi na mayar sau uku."

Na yi ƙoƙarin sassauta murya. "Ina jin ruwan ne ya yi musu yawa."

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. "Me kika ce kin karanta a can?"

"Awon ƙasa."

"To awonta kika karanta. Ni cinta na yi. Ganye ya yi yaushi ki ce ruwa ya yi yawa? In yaro yana kuka sai ki ce ƙoshi ne?"

"Wani lokacin ai ƙoshin ne, Baffa."

"Allah ya kawo mu. Zauna ki sha shayi."

Ya zuba musu ruwan a gabana. Na zauna na sha shayin.

Bayan kwana huɗu ya kira ni a waya, abin da bai taɓa yi ba. Bai gaisa ba. "Ki zo," kawai ya ce.

Na tarar da Direba ya hau har hawa na uku, yana zaune yana haki. Babbar tukunyar tana kan tebur. Shukar ta kwanta gefe guda, karanta ya yi baƙi. Baffa ya tumɓuke ta, ya kai ta kusa da hancinsa.

"Na san warin nan," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Shekarar da rafi ya cika ya kwana uku a kan albasata, haka ta yi wari. Ruɓa ce. Ba ta da saiwa ko ɗaya."

"Manomin bene," in ji Direba, "kai da ka ce an cuci yarinya. Ashe macucin yana cikin gida."

"Kai da ka taɓa shiga da bas cikin shagon mai aski, kai ne za ka yi magana?"

"Birki ne ya ƙi. Kai kuma wa ya riƙe maka hannu?"

Wannan karon na ga abin ya kai wa Baffa. Ya ajiye shukar, ya goge hannu a jikin rigarsa, ya ce, "To, Baturiya, tambayi wayar taki."

Na duba, na karanta masa a hankali. A cire su daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. A yanke duk inda ya ruɓe har sai an kai wuri mai lafiya. Ya kaɗa kai, wannan ya san shi. Sannan a ajiye abin da aka yanka a kan takarda, kwana uku ko huɗu, har bakin yankan ya bushe.

"A ajiye a ina?"

"A kan takarda."

"Ba ƙasa? Ba ruwa?"

"Haka aka ce."

"Kwana huɗu! Ni dashe in ya yi awa ɗaya a waje hankalina tashi yake. Wane marar imani ne ya rubuta wannan?"

"Da saura ma," na ce. "Bayan an dasa, sai a yi mako guda kafin a ba su ruwa. Kuma cikin yashi da tsakuwa za a dasa."

Baffa ya dubi kwandon shara. Direba ya fara dariya ƙasa-ƙasa, ya mayar da ita tari.

Baffa ya wasa 'yar wuƙarsa ta lambu ya yi aikin da kansa. Uku sun riga sun tafi, har da babbar. Biyu ya samu kawunansu da lafiya. Daga matattun ya tsinci ganye goma sha ɗaya da ruɓa ba ta kai gare su ba. Na ce masa an rubuta cewa ganyen ma in an kwantar da shi a kan busasshen yashi yakan yi tsiro. Ya je ya ɗauko tsohon faranti. Ni da Direba muka je inda ake gini a bayan layi, muka roƙi yashi da 'yar tsakuwa, Baffa ya tankaɗe da rariyar kicin.

Daga nan aka shiga abin da ya fi ba shi wuya, wato zama. Da asuba jikinsa yake tashe shi, kamar yadda ya saba shekara arba'in, ya zo bakin taga ya tsaya, ba abin yi. Ya gyara zaman faranti. Ya juya tukunya ta fuskanci rana. Ya koma kujera. Bayan minti goma ya sake tashi. Yaya ya ce wata rana ya same shi ya cika kofi, ya tsaya a kansu ya daɗe, sannan ya ɗaga kofin ya shanye da kansa, ya yi tsaki.

Saura mako guda Malama ta dawo, Yaya ya kawo shawara. Ina wurin.

"Baba, akwai mai sayar da fulawa a bakin titi. In je in samo irinsu guda uku mu saka a tukwanen. Ba za ta gane ba."

"Ba za ta gane abin da ta rena shekara shida ba?"

"To ko ta gane, ai ba za ta yi magana ba."

"Shi ne matsalar." Baffa ya buga sandarsa a ƙasa. "Kai, tun da nake kai kaya kasuwa, ka taɓa ganin na jera mai kyau a sama na ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasan kwando? Kuma kai ne ka toshe mata baki ranar nan. Da ka bar ta ta yi magana."

"Ni kuma, Baba? Girmama ka na yi."

"Na gode. Ga girman nan a kwandon shara."

Ranar da Malama ta dawo, Baffa ya sa riga mai kyau. Ya wanke tukwane ukun da babu komai a ciki, ya jera su a inda suke. Da ta gama gaishe shi, ya dafa sanda ya miƙe tsaye, duk da Yaya yana cewa ya zauna.

"Malama, kin ba ni amana na ɓata. Na canza musu ƙasa, na raba su da rana, na cika su da ruwa. Uku sun mutu, har da babbar. Ba wanda ya sa ni."

Ta dubi tagar. Idonta ya tsaya a kan babbar tukunyar da babu komai a ciki. Sannan ta yi murmushi. "Haba Baba, ba komai. Fulawa ce fa."

Ta kwashi tukwane biyun da suka rage, ta ce za ta kai su tagar ɗakinta don kada su riƙa wahalar da shi. Ta shiga ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba.

Baffa ya zauna a hankali. "Kin ji ko?" ya ce min. "Ba komai. Da ta zage ni da ya fi min. Wanda ake tsammanin wani abu daga gare shi, shi ake yi wa faɗa."

Da ta fito za ta wuce kicin, idonta ya faɗa kan farantin da ke can ƙarshen taga. Ta tsaya, ta sunkuya. Ganye tara daga cikin sha ɗayan sun fitar da 'yan saiwoyi jajaye, sirara kamar gashi. Biyu har sun yi ɗan toho.

"Wa ya yi wannan?"

"Ragowar ɓarna ce," in ji Baffa.

"Baba, sau huɗu ina gwada wannan. Ko dai su bushe ko su ruɓe. Ban taɓa samun ko ɗaya ba."

Ya matso da sandarsa. "Da hannu kike fizge ganyen?"

"E."

"Shi ya sa. Sai an murɗa shi a hankali ya fito da gindinsa duka. In ya yage, ya tafi. Kuma kada su taɓa juna." "Reno na iya, Malama. Halin abin ne ban sani ba. Ki faɗa min yadda ake yi da su."

"Ai Baba ka fi ni..."

"Kada ki ƙarasa. Wannan maganar ce ta kashe uku. Ki faɗa min kamar yadda za ki faɗa wa daƙiƙin ajinku."

Ta dubi Yaya, Yaya ya dubi silin. Ta fara da murya ƙasa-ƙasa, idonta a kan tayil. Ba a ba su ruwa sai ƙasar ta bushe har gindin tukunya. In za a ba su, a ba su sosai har ya fita ta ramin ƙasa, a zubar da wanda ya taru. Kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganye. Kafin ta kai ga maganar rana, muryar aji ta fito, har da ɗaga yatsa.

"Kuma babu taki. Ko kaɗan."

"Ko ɗan..."

"Baba, ko kaɗan."

"To."

"Maimaita min na farkon."

Sai ta ji abin da ta faɗa, ta rufe baki da hannu. Baffa kuwa ya maimaita, tiryan-tiryan.

Ta bar masa farantin. Tukwane biyun dai suka ci gaba da zama a ɗakinta, kuma duk wanda ya zo gidan Baffa sai ya faɗa masa cewa an kai su gudun hijira saboda shi.

Wata huɗu bayan haka na sake zuwa. Bakwai sun rayu. Ya raba su a ƙananan kofunan roba da ya huda wa gindi da ƙusa mai zafi, kowane tsiro bai fi maɓallin riga ba. A gefensu na ga tukwane biyun nan sun dawo tagar falo. Malama ta tafi duba jarrabawa na mako uku. Ya ce da safen da za ta tafi ta fito da su da kanta, ta ajiye, ta ce masa sai ta dawo, ba ta ƙara komai ba.

Na ce masa ai sai murna.

"Murnar me? Dube su fa. Wata huɗu! Da latas ne na yanka sau biyu na sake zuba iri. Waɗannan in kin zo baɗi ma haka za ki same su, suna kallon mutum kamar masu bin sa gaisuwa. Direba ya ce in haɗa su da tabarau in zan nuna wa baƙi."

Ya tura ɗan siririn tsinke a tukunya ɗaya har ƙasa, ya zaro, ya duba, ya shinshina. Akwai ɗan danshi a bakinsa. Ya yi tsaki ya ajiye.

"Baffa, to yaushe za ka ba su ruwa?"

"In na yi sa'a, Talata." Ya ƙirga da yatsu, ya sake yin tsaki. "Kwana shida. Miƙo min sandata mu sauka wurin Direba. In na ci gaba da tsayuwa a nan zan yi ɓarna."